Nasiha Ga Masu Koyon Aikin Lantarki: Abin Lura A Farantin Garmaho

  Ya ku 'ya'yana samari da 'yammata, musamman waɗanda Allah ya karkato da zukatansu ga aikin lantarki, ko kuna makarantun koyon sana'a, ko kuna zaune a rumfunan gyaran rediyo kuna miƙa wa maigida dalma, ina so in yi muku magana a kan wata na'ura wadda da yawanku za su ɗauka zamaninta ya shuɗe, watau garmaho, kuma daga cikinsa ma ɓangare guda na keɓe, shi ne farantin nan da ake ɗora faifai a kansa, da moton da ke juya shi, da dabarun da masana suka ƙago don kada juyin ya yi gaggawa ko ya yi nawa. Dalilin zaɓen wannan mas'ala kuwa shi ne, da wuya a sami wata na'ura da ta tattara ƙa'idodin sarrafa moto a wuri guda, ta kuma bayyana su ga ido da kunne, kamar yadda wannan faranti ya yi. Wanda duk ya fahimce shi fahimta ta haƙiƙa ya riƙe mabuɗin injuna masu yawa waɗanda ba su da wata alaƙa da waƙa.

Ku sani cewa sautin da ke cikin faifai wani siririn tsagi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda aka yanka tun daga bakin faifan yana zagayawa har ya kusanci tsakiya, allura kuwa tana bin wannan tsagi, kowace lanƙwasa ta girgiza ta, girgizar nan ce ake ƙarfafawa har ta zama muryar da muke ji. Tun da haka al'amarin yake, kaifin murya ko kaurinta ya rataya ne ga yawan lanƙwasar da ke wucewa ƙarƙashin allura cikin kowane sakan, wannan kuwa ya rataya ga saurin juyin faranti. Idan ya ɗara saurin da aka yanka faifan da shi, murya ta sirance ta hau sama, idan ya gaza, ta yi kauri ta ja ƙasa. Emile Berliner ne ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe a Amurka a shekarar 1887, shekara goma bayan Thomas Edison ya fara ɗaukar murya da na'ura, aka daɗe kowane kamfani yana juya faifansa yadda ya ga dama kafin a tsaya a kan juyi 78 a minti. Sa'an nan a 1948 kamfanin Columbia ya kawo babban faifai mai juyi 33⅓, a 1949 kuma RCA Victor ya kawo ƙarami mai juyi 45. Juyi 33⅓ a minti ma'anarsa faranti ya cika zagaye guda cikin sakan 1.8, kuma ya dawwama a kan haka tun daga farkon waƙa har ƙarshenta.

Illolin da ke samun wannan juyi iri uku ne, kuma wajibi ne ɗalibi ya rarrabe su, domin maganin kowacce daban yake. Ta farko ita ce faranti ya tsaya a kan saurin da ba shi ne daidai ba, wannan kuwa kunne yakan yafe ta idan ba ta yi yawa ba. Ta biyu ita ce saurin ya riƙa hawa yana sauka, ko dai sannu sannu, har ka ji murya tana tangaɗi, ko kuwa da sauri, har ka ji tana makyarkyata. Wannan illa kunne ba ya haƙuri da ita ko kaɗan, wanda ya taɓa sauraron kalangun Alhaji Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos a kan garmahon da bel ɗinsa ya saki ya san abin da nake nufi. Ta uku ita ce girgizar moton kansa ta ratsa ƙarfe ta isa ga allura, wadda ba ta iya bambanta girgizar waƙa da ta inji, sai ka ji wani gurnani yana bin ƙarƙashin kiɗa. Ingantattun na'urori sun rage hawa da saukar nan har ta koma kashi 0.025 cikin ɗari, watau ɗaya cikin 4,000, kuma tarihin yadda aka kai ga wannan adadi shi ne darasin da nake so ku riƙe.

Garmahon zamanin da ba ya amfani da lantarki. Sifirin ne ake naɗewa da hannu, shi kuwa sifirin ɗabi'arsa ce ya yi ƙarfi sa'ad da aka gama naɗe shi, ya raunana gwargwadon yadda yake warwarewa, ta yadda da za a bar shi da halinsa, da waƙa ta fara da gudu ta ƙare da rarrafe. Sai aka sanya masa waɗansu ƙananan ƙarafa masu nauyi, yawanci guda uku, a jikin wani sanda mai juyawa tare da inji. Idan juyi ya ƙaru sai su buɗe, buɗewar tasu ta jawo wani ɗan faifan ƙarfe ya gogi wata 'yar fata, gugar ta rage gudu, idan kuma juyi ya ragu sai su tsuke, gugar ta sassauta. Irin wannan dabara ce James Watt ya sanya wa injin tururi a Ingila a 1788, James Clerk Maxwell kuma ya yi mata bayani na hisabi a 1868. Asalin tunanin kuwa ya girmi dukansu, domin 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, waɗanda suka zauna a Bagadaza a ƙarni na tara na Miladiyya, sun siffanta a cikin Kitabul Hiyal tasoshin da ruwansu ke cika kansa idan ya ragu, ya tsaya idan ya kai iyaka, haka kuma Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa a 1206, ya tsare daidaiton agogonsa na ruwa da wani abu mai yawo bisa ruwa wanda ke buɗe kafa yana rufewa. Ƙa'idar guda ce a wurinsu duka: na'ura ta ji halin da take ciki, ta gwada shi da abin da ake nema, ta gyara da kanta.

Da lantarki ya shiga gidaje sai masana suka ga wata hanya mai sauƙi. Wutar da ke zuwa ta waya tana kai-komo ne, sau 50 a sakan a Nijeriya da Nijar da ƙasashen Turai, sau 60 a Amurka, ƙasar Japan ma rabe take, gabashinta 50, yammacinta 60. Akwai kuwa wani irin moto wanda ba ya juyawa sai bisa takun wannan kai-komo, ba ya wuce shi, ba ya bari a bar shi a baya. Hisabinsa ba shi da wuya, kuma ina so kowannenku ya yi shi da alƙalaminsa: a ninka yawan kai-komon da 120, a raba da yawan kawunan maganaɗisun da ke cikin moto. Moto mai kawuna 24 a kan wuta mai kai-komo 50 zai yi juyi 250 a minti. Idan ka raba 250 da 33⅓ ka sami bakwai da rabi, saboda haka tilas faɗin da'irar da bel ke kamawa a ƙarƙashin faranti ya ninka faɗin fulin moto sau bakwai da rabi. Daga wannan hisabi kaɗai za ku gane abin da ya sa garmahon da aka ƙera don Amurka, idan aka kawo shi ƙasarmu, ko da an daidaita masa ƙarfin wuta da taransifoma, yakan yi juyi kusan 28 maimakon 33⅓, har mai shi ya zaci lalacewa ya yi, alhali kuwa lafiyarsa ƙalau, fuli kurum yake bukata a sauya masa. Za ku kuma gane abin da ke faruwa idan aka kunna irinsa da janareta, wanda kai-komon wutarsa ke bin gudun injinsa: idan ya hau zuwa 53, waƙa ta ƙara sauri da kashi shida cikin ɗari, idan kuma aka jona abin da ya fi ƙarfinsa, muryar mawaƙi ta nutse tare da shi.

A nan akwai wata mas'ala mai zurfi wadda ta cancanci a dakata a kanta. Kun ga ɗige-ɗigen da ake jerawa a gefen faranti, da 'yar fitilar da ke haska su? Fitilar tana ƙyaftawa sau biyu a kowane kai-komo, watau sau 100 a sakan, wanda ya zama sau 180 cikin sakan 1.8 na zagaye guda. Saboda haka aka jera ɗigo 180, domin duk sa'ad da fitila ta ƙyafta ɗigo na gaba ya riga ya iso daidai inda na bayansa ya tashi, sai ido ya ga kamar jerin yana tsaye cik. Idan faranti ya yi sauri sai a ga ɗigogin suna zamewa gaba, idan ya yi nawa su zame baya. A ƙasashen 60 kuwa ɗigo 216 ake jerawa. Dabara ce kyakkyawa, amma ku lura da aibin da ke ɓoye a cikinta: idan fitilar da moton duka biyu daga wuta guda suke karɓar takunsu, to, ranar da wutar ta karkace tare za su karkace, ɗigogi su tsaya cik suna shaida cewa komai daidai ne, alhali waƙa tana gudu ba bisa ƙa'ida ba. Malaman fiƙihu ba su karɓar shaidar mutumin da ke da rabo cikin abin da ake shari'a a kansa, kome kyawun lafazinsa, haka nan ma'abucin sana'a bai kamata ya gaskata ma'aunin da ya fito daga tushe guda da abin da ake aunawa ba. Shaida adali a nan ba shi da tsada: ka liƙa 'yar alama a gefen faranti, ka ɗauki agogo, ka ƙirga juyi 100, wajibi ne su cika cikin minti uku daidai, idan sun saɓa da sakan guda, kuskurenka ya ɗan haura rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Shekaru masu yawa hanyoyi biyu ne aka bi wajen isar da ƙarfin moto ga faranti. Waɗansu, irin su Garrard 301 na Ingila, sun yi amfani da 'yar tayar roba mai shiga tsakanin moto da cikin bakin faranti, wadda ke ba da ƙarfi da saurin tashi, amma idan robar ta tsufa ta taurare sai ta riƙa kai gurnani ga allura. Waɗansu kuma, irin su na kamfanin Acoustic Research na Amurka da Linn na Sukotlan, sun zaɓi bel, wanda laushinsa ke shanye girgiza, suka dogara ga nauyin faranti ya lafar da ƙananan hawa da sauka, domin abu mai nauyi idan ya kama juyi ba ya saurin sauya hali. Kamfanin Linn ma, da ya ga wutar gari ba abin dogaro ba ce, a 1982 ya fito da wani allon lantarki wanda ke ƙago wa moto tasa wutar mai kai-komo 50 tsantsa. Amma duk da haka, a cikin waɗannan na'urori babu mai duba farantin kansa. Ana ba moto umarni ne a kyautata zaton cewa bel bai zame ba.

Sauyi babba ya zo ne daga birnin Osaka, inda wani injiniya na kamfanin Matsushita mai suna Shuichi Obata ya jagoranci ƙera faranti wanda ba shi da bel, ba shi da taya, moton ne da kansa ke juyawa a kan 33⅓, faranti kuma yana zaune a kan sandansa. Aka fitar da shi kasuwa da sunan Technics SP-10 a wajajen 1970, SL-1200 kuma ya biyo baya a 1972. Kada ku ɗauka wannan abu ne mai sauƙi, domin juya moto da gudu ya fi juya shi a hankali sauƙi nesa ba kusa ba. A irin wannan moto, zoben maganaɗisu ne ke juyawa, naɗe-naɗen wayar jan ƙarfe kuwa suna kafe wuri guda, an kasa su rukuni uku, taransistoci suna ba kowane rukuni wuta bi da bi don ya jawo maganaɗisu gaba. Kuma domin a san rukunin da lokacinsa ya yi, tilas a san inda kawunan maganaɗisu suke a kowane lokaci, waɗansu na'urori suna gane haka da ƙananan naɗe-naɗe na musamman, waɗansu kuma da wani ɗan abu mai jin maganaɗisu wanda asalinsa binciken Edwin Hall ne na 1879. Babbar fitinar wannan tsari ita ce, haƙoran ƙarfen da aka naɗa waya a kansu suna jan maganaɗisu ko da babu wuta, sai juyi ya riƙa zuwa da ƙananan fizge-fizge, ga shi kuwa babu bel da zai shanye su. Maganinta shi ne a tausasa yadda wuta ke hawa da sauka a cikin kowane naɗi, ta yadda sa'ad da wannan ke saki wancan ya riga ya fara kamawa, ko kuma a raba naɗin da ƙarfe ɗungurungum.

To, ta yaya irin wannan moto ke sanin saurinsa? A ƙarƙashin faranti akwai wani zobe mai ƙananan haƙora masu yawa, ko kuma zane mai kai-da-kawo da aka buga a kan allo, wanda ke haifar da bugun lantarki duk sa'ad da faranti ya gusa kaɗan. Yawan bugun a sakan shi ne labarin sauri. A na'urorin farko ana mayar da wannan bugu ya zama ƙarfin wuta, a gwada shi da wani ƙarfin wuta da aka ajiye a matsayin mizani, bambancin da ke tsakaninsu shi ne ke umartar taransistoci su ƙara wa moto wuta ko su rage. Rukunai uku ke nan waɗanda babu wata na'ura mai gyara kanta da ta rasa su: mizani, da mai kawo labari, da mai zartar da gyara. Sai dai mizanin nan na farko yana da rauni, domin kondansa da rasistocin da aka gina shi da su suna sauyawa da zafi da tsufa, na'ura takan yi wani sauri da safe ta yi wani bayan ta ɗumama, shi ya sa ake bar wa mai ita maɓallin murɗawa yana gyarawa da hannu.

Aka nemi mizanin da ya fi wannan tabbata, aka same shi a jikin dutsen kwaz, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir. Tun a 1880 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matsa wannan dutse yakan fitar da lantarki, daga baya kuma ya tabbata cewa idan aka ba shi lantarki yakan motsa. Siririn yankinsa kuwa yana kaɗawa bisa adadin da girmansa da yankansa suka ƙayyade, zafi da tsufa ba su gusar da shi sai ɗan abin da ake lissafawa cikin miliyan. Warren Marrison ya gina agogo a kansa a Amurka a 1927, na agogon hannu kuwa yana kaɗawa sau 32,768 a sakan, adadin da idan aka yi ta raba shi biyu har sau 15 ya koma ɗaya. A cikin garmaho ma haka ake rarraba kaɗawar dutsen har ta yi daidai da yawan bugun da faranti ya kamata ya bayar, sa'an nan a riƙa gwada lokacin isowar kowane bugu na faranti da takwaransa na dutse. Fifikon wannan hanya shi ne, ko da faranti ya makara da ɗan abin da bai kai ƙyaftawar ido ba, makarar ba ta ɓacewa daga lissafi, tana nan ana ganinta har sai an ƙara wa moto wutar da zai cike ta. Ta haka saurin faranti na tsawon sa'a guda ya zama daidai da na dutsen kansa. SP-10 na biyu ya zo da wannan tsari a 1975, gidajen rediyo irin su BBC suka karɓe shi, SL-1200MK2 kuma ya zo da shi a 1979.

Saura mas'ala guda, ita ce mafi wuya, kuma a nan ake gane gwani: gwargwadon gyara. Mai ƙaramin sani yakan zaci cewa gwargwadon ƙarfin gyara gwargwadon kyawun na'ura, alhali faranti abu ne mai nauyi wanda ba ya amsa umarni nan take. Idan aka ga ya yi nawa aka danna masa wuta da yawa, kafin labarin cewa ya daidaita ya dawo ya riga ya wuce iyaka, a ja shi baya da ƙarfi ya sake faɗawa ƙasa, sai na'ura ta shiga lilo a gefen saurin da ake nema, mai gyara da kansa ya zama shi ne mai kawo tangaɗi. Idan kuma gyaran ya yi rauni, jan allura kaɗai ya isa ya rage gudu. Wannan lilo shi ne abin da Maxwell ya tsaya a kansa cikin bincikensa, a 1922 kuma Nicolas Minorsky, bayan ya lura da yadda ƙwararrun matuƙan jiragen ruwa ke riƙe akala, ya bayyana cewa gyara nagari yana la'akari da abu uku: girman kuskuren yanzu, da abin da ya taru daga kuskuren baya, da saurin yadda kuskuren ke ƙaruwa ko raguwa. A cikin garmaho 'yan kondansa da rasistoci ƙalilan ne ke riƙe da wannan awo, a na'urorin yanzu kuwa lambobi ne da ake rubutawa cikin ƙwaƙwalwar 'yar ƙaramar kwamfuta. Da aka dace da awon, SL-1200MK2 yana kai wa ga cikakken saurinsa cikin sakan 0.7, yana kuma komawa daidai ko an tare faifai da hannu an saki, abin da ya sa masu juya faya-fayai a wuraren kiɗa suka riƙe shi. An daina ƙera jerin SL-1200 a 2010, aka dawo da shi a 2016 da sabon moto marar haƙoran ƙarfe.

Yanzu, ya ku 'ya'yana, ga nasihar da na ɗauko wannan doguwar hanya dominta. Abu na farko, kada hannunku ya riga awonku. Cikin irin waɗannan na'urori akwai ƙananan maɓallai da aka daidaita a masana'anta da kayan awo, kuma babu ɓarnar da ta fi yawa a rumfunan gyara kamar a sa sukudireba a murɗa su bisa zato, a ƙara cuta ta biyu a kan ta farko, har wanda zai zo daga baya ya rasa inda zai kama. Ku auna ƙarfin wuta da mita, ku ƙirga juyi da agogo, ku rubuta abin da kuka tarar kafin ku taɓa komai, kuma ku sauya abu guda kurum a lokaci guda, sa'an nan ku sake aunawa, domin wanda ya sauya abu uku tare, ko na'ura ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, bai kuwa ƙaru da ilimi ba.

Abu na biyu, ku fara tuhumar abin da ido ke gani kafin abin da ke ɓoye. Tangaɗin da ke dawowa sau ɗaya a kowane zagaye yawanci daga faifan da raminsa bai zauna a tsakiya ba ne, ko daga sandan da ya lanƙwashe, kuma babu allon lantarki da zai magance shi. Man da ya bushe a gindin sanda, da bel ɗin da ya miƙe, da ƙurar hunturu da ta shiga maɓallin sauri, sun fi lalacewar taransisto yawa. Bayan su sai kondansa masu ruwa a ciki, waɗanda zafin ƙasarmu ke busarwa da wuri. Idan za ku sauya su ku sanya masu adadi daidai da na asali, musamman a sashen da ke riƙe da gwargwadon gyara, da kuma kondansan da ke jinkirta wutar ɗayan naɗin moto mai bin kai-komo, wanda idan adadinsa ya saɓa moto zai juya amma yana rawa. Sanya abin da ya samu a maimakon abin da ya dace, tare da ɓoye wa mai kaya, cin amana ne ko da na'ura ta yi aiki a gabansa. Ku kuma kiyaye rayukanku: ku zare waya daga bango kafin ku buɗe murfi, ku sani babban kondansa yana riƙe wuta bayan an kashe na'ura.

Abu na uku, kada ku guji hisabi, kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa sana'ar hannu ba ta bukatarsa. Kun ga dai da ninkawa da rabawa kaɗai muka gano girman fuli, da adadin ɗigogi, da ciwon garmahon Amurka; wanda ya ƙara da aljabara, ya koyi karanta zanen da'irar lantarki, ya daure wa harshen da aka rubuta littattafan fannin da shi, ya tashi daga matsayin mai sauya kaya zuwa matsayin mai gane illa, daga nan kuma zuwa mai ƙera tasa na'urar. Rukunan nan uku da kuka gani a ƙarƙashin faranti, su ne a cikin famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da injin ɗinki na zamani, da babur mai batir, da injin da ke daidaita wutar gari baki ɗaya. Duk inda kuka tsaya gaban irinsu ku tambayi kanku: ina mizani, wa ke kawo labari, wa ke zartar da gyara, kuma da wane gwargwado?

Saboda haka ina roƙon kowane ɗayanku da ya sami tsohon garmaho, a gidan kakanni ko a kasuwar 'yan gwangwan, kada ya bari a fasa shi don ɗan jan ƙarfen da ke cikinsa. Ya ɗauke shi, ya share shi, ya zuba masa mai, ya ƙirga juyinsa ɗari da agogo a hannu, ya buɗe littafi ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya kai wa malaminsa tambayoyin da suka taso masa cikin ladabi. Ku kuma iyayen gida masu rumfuna, ku bar yaranku su riƙe mita, ku gaya musu dalilin kowane abu da kuke yi, domin ilimin da aka ɓoye yana mutuwa tare da mai shi. Allah ya buɗa ƙirazanku, ya sanya albarka a hannuwanku, ya sa ku zama masu kyautata aiki a ɓoye da bayyane, amin.